Ɗan sandan da duniya ta riga ta yanke wa hukunci, zai samu adalci a kotu?

Malam_Sabo_Kawo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga lauyoyinmu da ma kowa. Idan ɗan sanda ya harbe mutum, bidiyo ya zagaye wayoyi tun kafin a yi jana'iza, gwamna ya yi magana, kwamishina ya fito ya ce an kore shi daga aiki, jaridu sun buga hotonsa, shin wannan mutumin zai samu shari'ar adalci kuwa? Ni dai ina ganin da wuya. Alƙali mutum ne, yana da waya, yana da iyali, hanyar da muke bi ita yake bi. Ku dubi ɗan sanda ASP Drambi Vandi da ya harbe lauya Bolanle Raheem a Ajah ta Legas ranar Kirsimetin 2022. A Oktoban 2023 aka yanke masa hukuncin kisa, ko wata goma ba a cika ba. Ban ce bai aikata ba, ban kuma ce hukuncin ba daidai ba ne. Abin da nake tambaya shi ne, da a ce hujjar ba ta kai ba, akwai alƙalin da zai iya sallamar sa a wannan yanayi, ga ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta tsaya tsayin daka a kan maganar?

Dan_Rigasa_01:
Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka da komai, tambayar nan ta sosa min rai. Yau ɗan sanda ne abin tausayi? Ka zo Rigasa ka tambayi samari nawa aka kwasa a sintiri aka zuba a sel ba a ko gaya musu laifinsu ba. Mu namu ba a ma kai shi gaban alƙali, kai kana maganar ko alƙali zai ji tsoron Facebook. Wanda aka kai kotu, aka ba shi lauya, aka yi watanni ana sauraron sa, ai ya samu abin da wadda ya harbe ba ta samu ba.

Maryam_UnguwarRimi:
Wallahi kuwa. Kuma matar nan tana da juna biyu, a cikin mota kusa da mijinta aka harbe ta. Allah ya isa kawai.

Malam_Sabo_Kawo:
Ɗana, ban musa ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba. Amma in muka yarda a hukunta mutum da hayaniya don mun tsane shi, gobe da hayaniyar za a hukunta naka.

Barista_Hauwa:
Malam Sabo, tambayarka tana da tushe, sai dai ina ganin ka ɗora nauyin a inda bai fi yawa ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ware kowa ba. Duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, a yi masa shari'a a bainar jama'a cikin lokacin da ya dace, ya kare kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so, ya yi wa shaidun da aka kawo a kansa tambayoyi. Kaki ba ya ƙara masa wannan haƙƙin, ba ya kuma rage masa.

Sannan a ƙasar nan alƙali ɗaya ne ke sauraron shari'ar kisa a babbar kotu, shi zai auna shaida, shi zai yanke hukunci, kuma dole ya rubuta dalilinsa: shaida wane ya ce kaza, na gaskata shi saboda kaza. Idan tsoron jama'a ne ya rubuta hukuncin, takardar za ta tona. Lauyan wanda aka yanke wa zai ɗauke ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a nan Kaduna, alƙalai uku su duba, daga nan sai Kotun Ƙoli, lokacin ƙura ta daɗe da lafawa. Ba na cewa alƙalanmu ba sa jin matsi. Suna ji. Amma inda hayaniya ta fi yin ɓarna shi ne tun kafin fayil ya iso kotu: wa aka kama, wa aka ƙyale, wace hujja aka tattara a kwana biyun farko, wacce aka bari ta salwanta. Kuma su wa ke wannan aikin? 'Yan sanda. Su ke binciken ɗan'uwansu.

Tsohon_Sufeto:
Barista ta taɓo wurin da ke ciwo. Na yi aikin nan har na yi ritaya, bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki.

Kafin ka fita aiki, za ka je ma'ajiyar makamai. Mai kula da ita zai rubuta sunanka, da lambar bindigar, da yawan harsashin da ya ƙirga maka a hannu, ka sa hannu a littafi. In ka dawo ya sake ƙirgawa, in ya ragu ka yi bayanin inda ya tafi. Wannan littafin shi ne shaida na farko a duk maganar harbi. To ku ɗauka mutum biyar ne a shinge da dare, mota ta ƙi tsayawa, uku daga ciki suka harba, direba ya mutu. Harsashin wa ya same shi? Ba mai iya rantsuwa sai an ciro shi daga jikin mamacin an gwada da bindigogin nan uku. In ba a yi haka ba, ga abin da ke faruwa. Waya na ta kuka daga hedikwata, ana son suna kafin gari ya waye, domin 'yan jarida sun cika ƙofa. Sai a duba cikin biyar ɗin a ga wanda ba shi da kowa, yawanci kurtu ko kofur. A gurfanar da shi a kotunmu ta cikin gida, wadda muke ce wa odali rum, cikin yini guda a kore shi, a tuɓe masa kaki, a miƙa shi. Albashi ya tsaya. A ce matarsa ta kwashe kayanta daga bariki. Na ga mace tana ɗaure tukwane da katifa a kan a-kori-kura, yara uku na tsaye da kayan makaranta, mijin ko gaban majistare ba a kai shi ba tukuna. Da me zai ɗauki lauya?

Shi kuwa wanda ya tura su shingen, ya kuma ce kada su dawo masa hannu rabbana, sai dai ka ji an canja masa wurin aiki. Ba ina wanke kowa ba ne. Akwai mugaye a cikinmu, na zauna da su. Amma sau da yawa wanda kuke gani a hoto ba shi kaɗai ba ne, wani lokacin ma ba shi ba ne.

DanKeke_TudunWada:
Baba Sufeto, Allah ya ƙara girma, amma kurtun nan da kake tausaya wa shi ne ke saita min bindiga a kan naira ɗari biyu. Oga ba ya tsayawa a titi. Wanda ya ɗana kunamar shi muka sani.

Tsohon_Sufeto:
Haka ne ɗana, in shi ya harba ya ɗauki laifinsa. Ni dai cewa nake a tabbatar shi ne, kuma kada a tsaya a kansa.

Sadiq_Malali:
Ai an taɓa yin adalci. 'Yan kasuwar Apo su shida da aka kashe a Abuja, ba duk 'yan sandan aka yanke wa hukuncin rataya ba?

Yakubu_Barnawa:
A'a Sadiq, ba haka aka yi ba, kuma wannan shari'ar ita ce ma ke gaskata maganar Baba Sufeto. A watan Yunin 2005 aka kashe su, samari biyar 'yan kasuwar kayan mota da budurwa ɗaya. Da farko 'yan sanda cewa suka yi 'yan fashi ne. Sai da mutanen Apo suka tayar da ƙayar baya, gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, sannan aka kai wasu kotu. Ba a yanke hukunci ba sai Maris ɗin 2017. Kusan shekara 12 ke nan. Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke wa biyu hukuncin kisa, Ezekiel Acheneje da Emmanuel Baba, ya sallami uku saboda hujjar da aka kawo a kansu ba ta isa ba, ciki har da babbansu, Danjuma Ibrahim, wanda daga baya aka mayar da shi bakin aiki. Kuma kisan mutum biyu cikin shidan kawai aka kama waɗancan biyun da shi. Sauran huɗun fa, wa ya kashe su? Ga shari'ar da duk ƙasa ta sa wa ido, amma alƙali ya sallami mutum uku. Ke nan Malam Sabo, alƙali yana iya sallama ko ana hayaniya. Tambayar ita ce, sallamar ta fito daga rashin laifi ne, ko daga binciken da aka yi wa riƙon sakainar kashi?

Barista_Hauwa:
Yakubu ya kawo ta daidai. Shekara 12 zalunci ne ga iyalan mamatan, zalunci ne kuma ga wanda ke tsare in ba shi da laifi. Shaidu na mutuwa, wasu su bar gari, wasu su manta. Don haka ni saurin shari'ar Legas bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne me ya sa sai wadda aka kashe lauya ce ake samun irin wannan saurin.

Aminu_Minnesota:
Salam 'yan gida. Ɗan Tudun Nufawa ne ni, karatu ya kawo ni nan. Tambayar Malam Sabo ta fi dacewa da tsarin Amurka, domin a nan ba alƙali ne ke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar yankin, malamin makaranta, direba, ma'aikaciyar jinya, su saurari shaidu su yanke. To a ina za ka samo mutum 12 a Minneapolis da ba su ga bidiyon George Floyd ba? An kashe shi ranar 25 ga Mayun 2020, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne masa wuya da gwiwa sama da minti tara. Lauyansa ya nemi a mayar da shari'ar wani gari, alƙali Peter Cahill ya ƙi, a kan cewa babu wani lungu a jihar da labarin bai kai ba. Ana tsakiyar zaɓen mutanen nan 12 ne ma hukumar birnin ta sanar da cewa za ta biya iyalan Floyd dala miliyan 27. Sai da alƙalin ya sake kiran waɗanda aka riga aka zaɓa ya tambaye su ko labarin ya canja musu ra'ayi, ya sallami biyu. An kewaye kotun da waya mai ƙaya da sojojin jiha. Duk wanda ke cikin 12 ɗin ya san abin da zai faru a titi in suka wanke shi. A Afrilun 2021 suka same shi da laifi.

Amma ku ji ɗaya ɓangaren. Amadou Diallo, Bafulatanin Gini, ɗan tireda a New York, 'yan sanda huɗu suka yi masa harbi 41 a ƙofar gidansu a Fabrairun 1999, 19 suka same shi, alhali walat ne a hannunsa. Kotu ta ce hayaniya ta yi yawa a Bronx, aka kai shari'ar Albany, nesa da unguwar da abin ya faru. A 2000 aka wanke su duka huɗun. Haka aka yi a maganar dukan da 'yan sanda suka yi wa baƙar fata Rodney King, aka ɗauke shari'ar daga Los Angeles, aka wanke 'yan sandan a 1992, birnin ya kama da wuta, mutum sama da 50 suka mutu. Shi ya sa baƙar fata a nan da sun ji an ce a canja wa shari'a gari don adalci, sai gabansu ya faɗi.

Sadiq_Malali:
Shi Chauvin ɗin ɗaurin rai da rai aka yi masa ko?

Aminu_Minnesota:
Shekara 22 da rabi a kotun jiha. Jihar Minnesota ba ta da hukuncin kisa.

DanJarida_KD:
Aminu, ka bar abu guda wanda a wurina shi ne kan maganar. Sanarwar farko da 'yan sandan Minneapolis suka fitar cewa ta yi mutumin ya rasu ne bayan wata matsalar rashin lafiya. Ba don yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya ta ɗauki bidiyo ba, da a haka maganar za ta mutu. Na Apo an ce 'yan fashi ne. Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, an kashe shi a hannun 'yan sanda a Maiduguri a Yulin 2009, aka ce wai gudu ya yi niyya, sai bidiyo ya nuna shi a tsare yana amsa tambayoyi. An gurfanar da jami'ai a Abuja a 2011, daga baya kotu ta sallame su, kuma kowa ya ga abin da wannan kisan ya taimaka wajen haifarwa. Don haka Malam Sabo, hayaniyar da kake tsoro ita ce kaɗai ke sa a buɗe fayil tun farko. Inda ba a yi ta ba, babu shari'ar da za a ce ta adalci ce ko ta zalunci, domin ba a yi shari'ar ba sam.

Laifin da na yarda muna da shi mu 'yan jarida shi ne baki. A shirin kiran waya na rediyo za ka ji mai gabatarwa yana cewa "makashin" tun ba a shiga kotu ba. "Wanda ake zargi" ba tsoro ba ne, ƙa'idar aiki ce.

Maryam_UnguwarRimi:
Su 'yan sandan da ke jera mutane a ƙasa, a tuɓe musu riga, a ajiye bindigogi a gabansu, a kira 'yan jarida su ɗauki hoto tun ba a kai su kotu ba, su suka koya wa jama'a wannan ɗabi'ar. Yanzu ta juyo kansu.

Barista_Hauwa:
Maryam, wannan holin ya saɓa wa sashe na 36 ɗin da na ambata. Legas ta haramta shi a dokarta a 2021. Haƙƙin da Baba Sufeto ke nema wa kurtunsa, shi ne dai haƙƙin yaron Rigasa da ake zaunarwa a ƙasa gaban kyamara.

Abu_Ammar:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Addini bai bar mu cikin duhu ba a nan. A Suratul Ma'ida aya ta 8, Allah ya hane mu kada ƙin da muke wa wasu mutane ya sa mu ƙi yi musu adalci. Ƙa'idar shari'a kuma sananniya ce, hujja tana kan mai ƙara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Sayyidina Ali da kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Ba a ce ban da wanda jama'a suka tsana ba. Ɗan Rigasa, fushinka na gaskiya ne, amma ka tuna mafarautan nan 16 da aka ƙona a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025. Waɗanda suka ƙona su sun tabbatar wa kansu cewa masu garkuwa da mutane suka kama.

Dan_Rigasa_01:
Allah ya gafarta Malam, ni ban ce a ƙona kowa ba. Cewa na yi a fara da adalcin wanda ke kabari.

Maman_Khalifa:
Tun ɗazu nake karantawa ina hawaye. Ƙanena direban Keke Napep ne. Wata safiya aka kira mu, wai an harbe shi a wani shinge, gardama ta haɗa su a kan takardu. Da muka je an riga an kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Babanmu ya ce ba za a kwana da gawa ba, ba kuma za a yanka masa ɗa ba. Aka sa hannu a wata takarda aka ba mu shi, kafin la'asar an rufe shi. Rigar da ke jikinsa, mai hujin harsashi a baya, wata gwaggonmu ta wanke ta tas ta ba almajiri sadaka. Ranar addu'ar uku sai ga manyan caji ofis ɗin da mai unguwa, da buhun shinkafa da ambulan. Aka yi ta cewa a bar wa Allah, ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Abokan sana'arsa da suka ga abin da idonsu, ba wanda ya yarda ya je ya ba da shaida, domin ta gaban shingen nan suke wucewa kullum. Ba a ɗauki bidiyo ba, ba wanda ya rubuta sunansa a Facebook. Ko sunan wanda ya harbe shi ba mu sani ba har yau. Malam Sabo, ni da za a kai shi kotu, wallahi na yarda a ba shi lauya goma. A dai kai shi.

Malam_Sabo_Kawo:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, Hajiya.

Yakubu_Barnawa:
Allah ya ta'azantar da ku, Maman Khalifa. Mu ma a kudancin gari muna da irin waɗannan gidajen.

Likita_Zainab:
Allah ya gafarta masa. Yaya, kada ki ga kamar ina ɗora wa Baba laifi, kowa ya san halin da ake shiga a irin wannan ranar. Amma don amfanin masu karatu: binciken gawa ba dole ne ya ɗauki kwanaki ba. In akwai likitan fannin, aikin awoyi ne. Ko da iyali ba su yarda da cikakken bincike ba, a ƙalla a ɗauki hoton raunin da kyau, a rubuta ta inda harsashi ya shiga da ta inda ya fita, a yi hoton ƙashi a ga ko yana ciki, in yana ciki a ciro shi a miƙa da shaida. A adana tufafin cikin takarda, kada a wanke. Hujin da ke bayan riga yana iya rusa maganar wanda ya ce kansa ya kare. Haka kuma irin wannan binciken yana iya wanke ɗan sandan da aka ɗora wa abin da bindigarsa ba ta yi ba.

Abu_Ammar:
Likita ta yi gaskiya. Gaggauta jana'iza sunna ce, amma manyan majalisun fiƙihu na zamanin nan sun halatta binciken gawa idan ana neman gano musabbabin mutuwa a shari'ar kisa. Ya kamata mu limamai mu riƙa faɗa a mumbari. Kuma yafiya haƙƙin magada ne, da zaɓinsu, ba abin da ake zuwa da buhun shinkafa a matsa musu su yi ba.

Hassan_Zazzau:
Kuna ta maganar mutum ɗaya ɗaya. A Zariya fa, Disambar 2015? Kwamitin binciken da gwamnatin jihar nan ta kafa da kanta, ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba, ya ce fararen hula 348 aka kashe, 347 aka binne a rami ɗaya a Mando. Ya ba da shawarar a hukunta masu hannu. Wa kuka gani a kotu? El-Zakzaky da matarsa aka gurfanar, babbar kotun Kaduna ta sallame su a Yulin 2021.

Shugaban_Zaure:
Malam Hassan, maganarka babba ce, amma waccan ta sojoji ce kuma ta cancanci zaurenta daban. Na san yadda take ƙarewa a nan in aka fara. Don Allah mu tsaya a kan 'yan sanda da tambayar Malam Sabo.

Hassan_Zazzau:
Na ji, ranka ya daɗe. Amma kaki kaki ne.

Malam_Sabo_Kawo:
To bari in dawo da mu. Na ji Barista, na ji Yakubu, amma har yanzu ban gamsu cewa alƙali ba ya jin nauyin manya ba. Ku tuna Hanifa a Kano. Ba ɗan sanda ba ne ya kashe ta, malaminta ne Abdulmalik Tanko, amma ana cikin maganar Gwamna Ganduje ya fito ya ce da an yanke hukuncin kisa zai sa hannu ba ɓata lokaci. Lauyoyi suka riƙa gudun kare shi, sai hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnati ce ta tsaya masa. An yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022, kuma ni kaina ban yi baƙin ciki ba. Amma ya dace gwamna ya yi maganar sa hannu tun alƙali bai zauna ba? Gwamnan da shi ke rantsar da alƙalan jiha? Yau an yi wa wanda hujja ta kama dumu-dumu. Ranar da aka yi wa kofur ɗin Baba Sufeto fa?

Barista_Hauwa:
A nan ina tare da kai, Malam. Bai dace ba, ko daga gwamna ko daga kwamishinan 'yan sanda. Abin da ya kamata su ce shi ne an kama, ana bincike, za a kai kotu. Kuma lauyan da ya kare wanda jama'a suka tsana ba maƙiyin jama'a ba ne. In ba a ba mutum lauya a shari'ar kisa ba, kotun sama za ta iya rushe hukuncin gaba ɗaya, a koma farko.

Abin da ni zan nema shi ne a raba 'yan sanda da binciken kisan da ake zargin nasu da shi. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda tana da ikon ladabtarwa da kora, amma ba ita ke haɗa fayil ɗin kisa ba. Bayan zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 an rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi, an kafa kwamitoci a jihohi, an saurari koke, wasu sun samu diyya. Tsarin binciken dai yana nan yadda yake.

DanKeke_TudunWada:
Barista, duk wanda za a kafa, ɗan Najeriya ne zai zauna a kujerar. Ambulan ɗin da ta je gidan su Maman Khalifa za ta je ofishinsa.

Dan_Rigasa_01:
Ni dai wayata tana hannuna. In na ga suna dukan wani zan ɗauka in saka, alƙali ya ji tsoro ko kada ya ji.

Barista_Hauwa:
Ka ɗauka, amma kada ka yanke ko ka ɗora masa waƙa da rubutu, kuma kada ka goge na asalin daga wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a nuna na'urar da ta samar da bidiyon da yadda aka fitar da shi. Wanda ya bi ta hannu ɗari a WhatsApp lauyan da ke kare wanda ake tuhuma zai yi fatali da shi cikin sauƙi. Kuma ka shirya, za a iya kiran ka ka tsaya a akwatin shaida.

Maman_Khalifa:
Barista, don Allah, namu da ya daɗe, kuma Babanmu ya karɓi ambulan ɗin nan, akwai sauran abin da za a iya yi?

Barista_Hauwa:
Akwai, Hajiya, ko da yake ba zan ɓoye miki ba, rashin rahoton likita ya raunana shi ƙwarai. Laifin kisa ba ya tsufa a doka, kuma karɓar kuɗin ta'aziyya ba ya kashe shi. Za a iya rubuta koke ga Antoni Janar na jiha da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Za a iya kuma shigar da ƙarar take haƙƙin rayuwa a babbar kotu a nemi diyya, ƙa'idojin 2009 ba su sa mata wa'adi ba. Abin da za a fara nema shi ne katin asibitin, da takardar da Baba ya sa wa hannu, da ko mutum ɗaya cikin abokan sana'arsa da zai yarda ya yi magana. Ki turo min saƙo ta gefe, kada ki sa sunaye a nan.

Tsohon_Sufeto:
'Yata, in kin tuna ranar da abin ya faru, ki gaya wa Barista. Akwai littafin da ake rubuta waɗanda aka tura kowane shinge a kowace rana, akwai kuma na ma'ajiyar makamai da na ambata. Lauya zai iya sa kotu ta umarci a kawo su. In shafin yana nan, sunayen mutanen da suka tsaya a wurin da lambobin bindigoginsu suna ciki. In kuma an yage shi, a tambayi wanda littafin ke hannunsa a lokacin.